Laifin Wa Ne?

Wata uwa a ikilisiyarmu ta tambaye ni, "Malam, wane zunubi na yi?" Ɗanta mai shekara 7 ya fara kukan ciwon baya da dare, sai ɗingishi, sai fitsarin kwance wanda ya daɗe da bari. Dangi suka ce sammu ne. Wata 5 ana neman mai laifi.

Da aka kai shi asibitin koyarwa, hoton MRI ya nuna ƙari ne a cikin laka, babbar jijiyar da ke ratsa ƙashin baya. Ba safai yake kama yara ba. Yana girma yana danne lakar, har ƙafafu su mutu. In an yi fiɗa da wuri akan ceci tafiyar yaro, amma jijiyar da ta daɗe a danne da wuya ta farfaɗo. Yau yaron da sanda yake tafiya.

'Yan'uwa, a Yohanna sura 9 almajirai sun nemi mai laifi, Yesu kuwa ya warkar da makahon. Cutar nan ba laifin uwar ba ce. Jinkirin fa? Wannan kam namu ne, har da ni da na yi shiru.