Tawakkali a Bakin Dutsen Washi

Duk wanda ya taɓa tsayawa a rumfar masu walda a birnin Kano, ya ga injin washi yana juya dutsensa kusan sau 3,000 a minti guda, tartsatsi na tashi ta ko'ina, mai aikin kuwa ya sunkuya da ido buɗe, tabaransa na rataye a ƙusa, to, ya san amsar da akan ba shi idan ya yi nasiha: wai abin da aka ƙaddara wa bawa ba ya kuskure masa. Maganar haƙƙun ce, babu muminin da zai musa ta; abin bincike shi ne ko a muhallinta aka ajiye ta.

Malamai sun daɗe da bayyana cewa tawakkali aikin zuciya ne, riƙon sababi kuwa aikin gaɓɓai, ɗaya ba ya korar ɗaya. Hujjar da ta fi dacewa da ma'abota ƙarfe tana cikin sana'arsu, domin Annabi Dawuda, wanda Allah Ya tausasa wa ƙarfe, sulke aka koya masa ƙerawa don ya kare mayaƙa. Kuma Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata a gare shi, wanda babu mahalukin da ya kai shi yaƙini, sulke biyu ya sa ranar Uhudu. Ashe maƙeri ne ya fi kowa cancantar sanin cewa kariya ba raunin imani ba ce.

Sababin nan kuma ba shi da tsada. Kafin a ɗaura sabon dutse, a ƙwanƙwasa shi da ƙotar itace: mai lafiya yakan yi ƙara garau, mai tsagewa a ciki kuwa sai ya amsa a dushe, kuma shi ne mai tarwatsewa a fuskar mutum. In an kunna injin, a koma gefe na minti guda. Tazarar da ke tsakanin dutsen da madogarar ƙarfen kada ta wuce milimita 3, don kada gizago ya faɗa ciki ya ja yatsa. Hannun riga mai yalwa, wanda ado ne a masallacin Juma'a, a nan tarko ne. A riƙa tsoma ƙarfen a ruwa, domin in bakinsa ya yi shuɗi taurinsa ya tafi.

Amma inda mas'alar ta fi zurfi, a ganina, shi ne wajen feƙe tsinken tangistan na waldar agon. Mai jan kai a cikin irin wannan tsinke yana ɗauke da kashi 2 cikin ɗari na toriyam, ma'adini mai fitar da tururin nukiliya, wanda ba ya cutarwa sosai yana dunƙule, sai an niƙe shi ya zama ƙura ya shiga huhu. A nan babu jini, babu zafi, babu wata alama a ranar. Saboda haka mai cewa shekara ashirin yana yi ba abin da ya same shi, ya ɗauki suturar Ubangiji da jinkirinSa ya mai da su hujja, alhali akwai tsinke marar toriyam, akwai kuma abin rufe hanci.

Ko da mun sallama wa maigida cewa huhunsa nasa ne, wanda shi ma ban sallama ba, tunda jiki amana ce, ina batun yaron shago? Shi ake turawa ya feƙe tsinken, shi yake share ƙurar da yamma, bai san mene ne toriyam ba, kuma mahaifinsa da ya kawo shi cewa ya yi ga amana nan. Tawakkalin da maigida yake iƙirari ba a yinsa a madadin wani, tabaran da ke ƙusa kuwa yaron zai sa su in ya ga maigidansa ya sa.