Kyauta Ga Wanda Ba Ka Ga Fuskarsa Ba

Karatu: Luka 14:12-14, 2 Korinthiyawa 9:7

A ƙasar Amurka, daren 31 ga Oktoba, yara su kan yi shigar dodanni da fatalwa, su rufe fuskokinsu, su bi gida gida suna roƙon alawa. Ana ce da daren Halowin, watau jajiberen Ranar Dukan Tsarkaka, wadda ta ke ran 1 ga Nuwamba. A Ingila ta dā matalauta su kan zaga gidaje a wannan lokaci, a ba su ɗan gurasa, su kuwa su yi addu'a domin matattun gidan. Baƙi daga Ailan da Sikotlan su ne suka kai bikin Amurka. Wanda ya san tashen yaran Hausa ba za ya ga abin baƙo ba.

Sa'anda yaro ya ƙwanƙwasa ƙofa ya kan ce, ko a ba shi, ko ya yi ɓarna. Wasa ne, amma akwai abin tunani a ciki. Abin da aka bayar domin tsoro haraji ne, ba kyauta ba. Manzo Bulus ya koya wa Korinthiyawa su bayar da yardar rai, ba kan tilas ba.

Ga kuma abin da ya fi nauyi. Maigida ba ya san ɗan wa ke tsaye a ƙofarsa ba. Ko ɗan abokinsa ne, ko ɗan wanda suka yi shari'a da shi bara, rabonsu ɗaya ne. Mu kuwa mu kan duba fuska kafin mu miƙa hannu, gama muna lissafin abin da za ya komo mana. Biki bashi ne, in ji mutane. Ubangiji Yesu ya rushe wannan lissafi sa'anda ya umurci mai biki ya kira waɗanda ba su da abin sāka masa.

Tun 1950 waɗansu yaran Amurka suka soma tara kuɗi a daren nan domin asusun UNICEF, saboda yaran da ba za su taɓa gani ba. Masu roƙo suka zama masu bayarwa.

Ikilisiyoyi sun rabu a kan bikin nan saboda siffofin fatalwa; kowa ya bi lamirinsa. Amma kada ƙin biki ya zama hujjar rufe hannu.

Tambayoyi
1. Wa ka ba kyauta bana wanda ba shi da ikon sāka maka?
2. Da an rufe fuskokin masu zuwa ƙofarka, rabon wa za ya ƙaru?