Tsakanin So Da Abota: Darajar Zance

Tun da daɗewa masu hankali ke muhawara a kan abin da ke riƙe mace da namiji su zauna tare har tsufa. Waɗansu sun ce so ne, waɗansu sun ce haƙuri, waɗansu kuwa sun ce abin hannu. A wannan ɗan taƙaitaccen bayani ina so in jawo hankalin 'yan'uwana ɗalibai da malamanmu zuwa ga wani abu da muka raina, watau zance, in kuma nuna cewa wasan kwaikwayon da aka gina a kan hira da raha ya fi saura koya mana sirrin zaman tare.

Bari mu ɗauko misali daga nesa kafin mu dawo gida. A 1989 an fito da wani fim na ban dariya a Amurka mai suna When Harry Met Sally, wanda Nora Ephron ta rubuta, Rob Reiner ya ba da umarni. Babu faɗa a cikinsa, babu tseren motoci, kusan dukkansa magana ce. Saurayi da budurwa ne suka gama jami'a, suka shiga mota ɗaya daga Chicago zuwa New York, suna tafe suna gardama a kan ko mace da namiji za su iya yin abota zalla. Suka rabu ba sa ko shiri, suka sake haɗuwa, suka zama aminai, sai bayan shekara 12 suka yi aure. Lalle al'adunsu ba namu ba ne, akwai ma abubuwa a ciki da addininmu bai yarda da su ba. Amma abin lura shi ne, kafin su kira abin da ke tsakaninsu so, kowannensu ya riga ya san aibin ɗan'uwansa sarai, ya yi masa dariya a kai, ya kuma ga zai iya zama da shi.

To, ashe wannan baƙon abu ne gare mu? Ko kusa. Duk wanda ya tashi a ƙasar Karaye ko Rogo ya san yadda ake zuwa zance. Bayan sallar isha'i saurayi zai tafi da abokinsa, a aika yaro ya yi sallama da yarinya, ta fito da ƙawarta ko ƙanwarta, a shimfiɗa tabarma a zaure. Abokin nan shi ne mai buɗe hira da barkwanci idan kunya ta ɗaure bakin masoyan. Haka kuma muna da wasan taubasai, inda ɗan mace da ɗan namiji ke tsokanar juna tun suna yara, sau da yawa kuma a ƙarshe a haɗa su auren zumunci. Mutanen Rogo ma, da yake suna bakin iyaka da ƙasar Zazzau, sun fi kowa sanin daɗin wasan Kanawa da Zazzagawa. Kakanninmu sun gane cewa raha hanya ce ta faɗa wa mutum gaskiya ba tare da an ɓata ba.

Wani masanin falsafa na ƙasar Girka, Aristotle, ya kasa abota gida uku: ta amfani, da ta jin daɗi, da ta ganin kyawun hali. Biyun farko suna gushewa da zarar amfanin ko daɗin ya ƙare, ta ukun ce mai ɗorewa. Bahaushe ma ya bambanta sha'awa da so da ƙauna, kamar yadda sunan littafin Ado Ahmad Gidan Dabino, In Da So Da Ƙauna, ya nuna. Sha'awa da ido take shiga. Hali kuwa ba a ganinsa a fuska, sai an zauna, an yi magana, an saɓa, an shirya. Tun da an ce so hana ganin laifi, to wa zai ga laifin ya gyara in ba aboki ba?

A nan ne nake ganin yawancin finafinanmu sun yi mana ƙwauro. Tun daga Turmin Danya na 1990 sana'ar ta bunƙasa a Kano, amma bayan karɓuwar Sangaya sai rawa da waƙa irin na Indiya suka cinye wurin zance. Da zarar an haɗa ido sai a tafi lambu a yi ta waƙa, ba mu taɓa jin abin da ya sa wannan ta dace da wancan ba. Alhali kuwa Samanja Mazan Fama da Karkuzu da bakinsu kawai suka riƙe jama'a shekara da shekaru. Fim na zance ba ya bukatar jari mai yawa, ƙaramin kamfani ma a Karaye zai iya shirya shi da zaure ɗaya da tabarma, muddin akwai marubucin da ya iya sauraron mutane.

Wani zai ce, ai addini da al'ada ba su yarda da abota tsakanin mace da namiji ba. Gaskiya ne an hana keɓewa, shi ya sa ake zance a ƙofar gida da 'yan rakiya. Abotar da nake nufi ita ce wadda ake shukawa a wurin zance, a girbe ta a ɗakin aure. Wani kuma zai ce, ai da baki ake yaudarar 'yan mata. Haka ne, amma daɗin baki daban, zance daban. Mai daɗin baki yabo kawai ya iya, ba ya son tambaya. Ramin ƙarya kuwa ƙurarre ne, doguwar hira ita ke tona shi.

Abin baƙin ciki shi ne, da yawa daga cikinmu da an ɗaura aure sai zance ya mutu. Maigida ya kai hirarsa majalisa wajen abokai har tsakar dare, matar ta kai tata wajen maƙwabta, abin da ya rage tsakaninsu sai cefane. A 2012 hukumar Hisba ta Kano ta fara auren zawarawa da ma'aurata 100, a 2023 kuma gwamnati ta aurar da 1,800. Aikin alheri ne ƙwarai, amma gwamnati gado da katifa take iya saya, ba ta iya saya wa miji da mata abin da za su ce wa juna.

Saboda haka ina kira ga marubutan cikinmu su rubuta mana wasannin da masoya ke magana kamar mutane, su yi gardama, su ba mu dariya. Mu kuma samari da 'yan mata, kafin a kai kuɗin gaisuwa, kowa ya tambayi kansa: in kyau ya tafi, kuɗi ya ƙare, zan iya raba dare ina hira da wannan? Allah ya haɗa kowa da abokin zama na gari, amin.