KUNYA DA SHIRU: WA ZAI KOYA WA 'YA'YANMU?

Karatu: 2 Sama'ila 13:1-22; Irmiya 29:4-7; Luka 2:41-52

Kowace safiya, tun rana ba ta yi zafi ba, hanyar da ta haɗa Yola da Jimeta ta kan cika da yara masu tafiya makarantar sakandare. Yawancinsu tsakanin shekara 12 da 18 su ke, watau lokacin da jiki ya ke sākewa, zuciya kuma ta fara tambayoyin da ba ta yi a dā ba. A kan koya musu lissafi da Turanci, ba mai gardama. Amma akwai abu uku da su ka jawo magana cikin ikilisiyoyinmu: lafiyar jiki, zama tsakanin namiji da mace, da hakkin ɗan ƙasa. Tambayarmu ke nan: daidai ne a koya wa yaro waɗannan cikin aji, ko kuwa aikin gida ne kaɗai?

Yadda maganar ta taso

A 1999 Majalisar Ilimi ta Ƙasa ta yarda a shigar da koyarwa a kan balaga da zaman iyali cikin makarantun Nijeriya, gama cutar ƙanjamau tana yaɗuwa ƙwarai a lokacin. Binciken da a ka yi a 2001 a wuraren awon ciki ya nuna kusan mata 6 cikin 100 suna ɗauke da ƙwayar cutar. Tsarin koyarwa na fari ya gamu da ƙi daga iyaye da shugabannin addini, musamman a Arewa. Saboda haka a 2003 a ka gyara shi, a ka sa masa sunan ilimin zaman iyali da ƙanjamau, a ka kuma bar kowace jiha ta daidaita shi da al'adun mutanenta. Duk da haka maganar ba ta kwanta ba. A watan Nuwamba na 2022 ministan ilimi na lokacin, Malam Adamu Adamu, ya ba da umurni a cire koyarwar jima'i daga tsarin karatu, ya ce a bar ta a hannun iyaye da malaman addini.

To, ga kaya an miƙo mana. Sauran mu tambayi kanmu ko muna ɗauka.

Darajar kunya

Kada mu raina waɗanda su ke tsoron wannan koyarwa, gama abin da su ke tsaro abu ne mai daraja. Bahaushe ya ce kunya, Bafillacen Yola ya ce semteende, kowace kabila ta bakin Binuwai kuma tana da nata suna dominta. Ita ce shingen da ke tsakanin uba da 'yarsa, tsakanin babba da yaro. Uban da ba ya so wani baƙon malami, wanda bai san halinsa ba, ya buɗe wa 'yarsa irin wannan zance a gaban samari, yana da hujja. Gaskiya ne kuma, a kan iya koyar da abu na gaskiya ta hanyar da za ta ɓata mai ji.

Amma kunya dabam, shiru dabam. Mu da mu ke aikin juya littattafai mun koyi wannan da wahala. Sau da yawa mu kan iske aya mai maganar haila, ko haihuwa, ko zina, mu zauna da dattawa muna neman kalmar da za a iya karantawa a gaban jama'a. Ba mu taɓa tashi hannu wofi ba. Harshen yana da kalmomi masu ladabi domin kowane abu: balaga, al'ada, juna biyu, tsiraici. Ashe ba kalmomi mu ka rasa ba, ƙarfin hali mu ka rasa. Mai kunya ya kan zaɓi kalma da lokaci da wuri. Mai shiru ya kan bar yaro cikin duhu, sa'an nan ya kira wannan ladabi.

Abin da shiru ke haifarwa

Ga misali daga bakin kogi. Yaro ya yi wanka a tafki, bayan 'yan watanni ya ga jini cikin fitsarinsa. A wurare da yawa tsararsa su kan ce masa alamar girma ce. Alhali kuwa tsargiya ce, wata 'yar tsutsa ce da ke fitowa daga katantanwar ruwa, ta huda fata, ta zauna cikin jijiyoyin mafitsara. Akwai maganinta a asibiti, amma in an bar ta shekaru ta kan lalata mafitsara da ƙoda. Yaron bai gaya wa ubansa ba domin kunya, uban bai tambaya ba domin kunya, cuta kuwa ba ta jin kunyar kowa. Rashin sani ya fi dare duhu.

Haka ya ke ga yarinyar da al'ada ta zo mata ba wanda ya shirya ta, da wadda wani babba ya ruɗe ta da kyauta, ba ta san tana da ikon ƙi ba, ba ta kuwa san wanda za ta gaya wa ba.

Mu duba gidan Dauda cikin karatunmu na fari. Sa'ad da sha'awa ta kama Amnon, wurin wa ya sami shawara? Wurin abokinsa Yonadab, mutum mai wayo ƙwarai. Bayan da a ka ci mutuncin Tamar, wanta Absalom ya ce ta yi shiru. Dauda ya ji, ya husata, amma ba mu karanta ya yi wani abu ba. Shekara biyu gidan yana shiru, ƙarshensa jini ne. Kowane yaro yana da mai koya masa. Idan uba da uwa da malami sun kame baki, Yonadab yana nan, yau kuwa yana cikin aljihun yaro, cikin wayar hannu. Littafi Mai Tsarki kansa bai ɓoye wannan labari ba. Shari'ar Musa ma, wadda ta yi maganar kuturta da haila har da wurin zagayawa a bayan zango, an umarta a karanta ta a gaban maza da mata da yara.

Hakkin ɗan ƙasa

Na ukun ya fi sauƙin faɗi, ya fi wuyar yi. A 2014 ɗaliban sakandare su ka fara rubuta jarrabawar fita a kan darasin zama ɗan ƙasa. Suna haddace sashe na 24 na tsarin mulkin 1999, wanda ya ɗora wa kowa girmama mutuncin sauran 'yan ƙasa, da biyan haraji, da yin abin amfani a inda ya ke zaune. Amma haddacewa ba ta mai da mutum maƙwabci.

A ƙarshen Oktoba na wannan shekara ta 2014 Mubi ta faɗa hannun Boko Haram, dubban mutane su ka kwararo Yola da Jimeta. Yawancinsu ba a sansani su ka sauka ba, gidajen mutane ne su ka karɓe su. Babbar majami'ar Katolika ta Santa Teresa a Jimeta ta buɗe ƙofa ga Kirista da Musulmi. A 2021 Bishop Stephen Dami Mamza ya buɗe gidaje 86 a Sangere-Marghi domin waɗanda ba su iya komawa ba, da makaranta, da majami'a, da masallaci. Waɗansu sun zarge shi saboda masallacin. Mu dai mu tuna da wasiƙar Irmiya, wadda ta umarci kamammu su nemi lafiyar Babila, birnin waɗanda ba su bin addininsu, gama lafiyarsu tana ɗaure da tata. Yaron da ya ga uwarsa tana raba tuwo da baƙi a wannan shekara ya sami darasin da allo ba ya iya bayarwa.

Amsarmu

Makaranta tana iya ba da sani: yadda cuta ke shiga, yadda jiki ke girma, abin da doka ta ce. Wannan alheri ne, kada mu hana. Amma sani kaɗai ba ya tsare mutum, gama Yonadab ma masani ne. Dalilin da zai sa yaro ya kame kansa, ya ga 'yar wani kamar ƙanwarsa, ya ƙi sayar da ƙuri'arsa sa'ad da ya kai shekara 18, wannan daga gida da ikilisiya ya ke fitowa. Luka ya ambaci girman Yesu ta fuska huɗu, hikima, da jiki, da zama da Allah, da zama da mutane, bai ware ko ɗaya ba. Iyayen da su ka ce makaranta ta yi shiru, su kuma ba su yi magana ba, sun ɗauki alhakin abin da zai biyo baya.

Saboda haka iyaye su karɓi littafin yaro su karanta da kansu, su je taron iyaye da malamai, su faɗi abin da ba su yarda da shi ba a fili, da ladabi. Inda kunya ta hana uba ko uwa, al'adarmu ta riga ta tanadi hanya: akwai gwaggo da inna da kawu da kaka. Zumuntar mata ta zaɓi dattijai mata masu riƙon asiri domin 'yan mata, dattawan ikilisiya su yi haka domin samari. A fara da wuri, gama icce tun yana ɗanye a kan tanƙwara shi.

Tambayoyi

1. Wa ya fara gaya muku maganar balaga? Abin da ya faɗa gaskiya ne?
2. Me ya kamata Dauda ya yi, kafin abin ya faru da bayansa?
3. Idan yarinya cikin ikilisiyarku ta shiga irin halin Tamar, wurin wa za ta tafi?
4. Wane abu guda ƙungiyarku za ta yi wa unguwarku a wannan wata, wanda maƙwabta Musulmi ma za su amfana?

Abin addu'a: Mu roƙa domin malaman sakandare na Yola da Jimeta, da iyayen da za su buɗe wannan magana da 'ya'yansu a makon nan.