Kwaikwayo da Jabu: Ina Iyakarsu?

Jama'a, ga wata tambaya da nake so mu tauna tare: wanda ya kwaikwayi aikin wani, ɓarawo ne ko almajiri? Zan ɗauki misali daga jitar lantarki, wadda Buzayen Agadas suka riƙa har kiɗansu ya zagaya duniya.

Kamfanin Gibson na Amurka ya fitar da jitar Les Paul a 1952, Fender kuma ya fitar da Stratocaster a 1954. Da yake tsadarsu ta fi ƙarfin talaka, sai maƙeran Japan suka duƙufa kwaikwayonsu a shekarun 1970, da sunaye irin su Greco, Tokai da Ibanez. A 1977 masu kamfanin Gibson suka kai ƙarar dillalin Ibanez a Amurka saboda siffar kan jitar, daga baya aka sasanta. Amma abin mamaki, a 1982 Fender da kansa ya ba masana'antar FujiGen, mai ƙera Greco, aikin ƙera masa jita. Almajiri ya ƙware har malam ya miƙa masa allo.

To, yanzu waɗancan jitoci sun tsufa, sun yi daraja, masu tara su suna bin diddigin shekarunsu. A jitar Greco ta ƙarshen shekarun 1970, harafin farko na lambarta shi ne wata, alƙaluma biyu na gaba su ne shekara; A77 na nufin Janairun 1977. Duk da haka mai hankali ba ya tsayawa ga lamba, sai ya duba fenti da ƙarafa. Haka mai sayen raƙumi yake yi ranar Alhamis a kasuwar Maigatari: ba ya dogara da zaƙin bakin dillali, sai ya buɗe bakin dabbar ya ga haƙora. Gani ya kori ji.

A nawa ra'ayin, iyakar tana wurin suna. Jitar da ta fito da sunan Tokai a goshinta ba ta yaudari kowa ba, mai saye ya san abin da ya biya. Amma ranar da wani ya kankare sunan nan ya liƙa na Fender, ranar ta zama jabu, ko da kuwa zaƙin muryarta bai ragu ba. Itacen bai sake ba, ƙarya ce ta shiga.

Wani zai ce, ina haƙƙin Leo Fender da ya yi gumi? Gaskiya ne yana da haƙƙi. Sai dai shi ma ya tarar da jita a duniya, gyara ya yi mata. Wane baduku ne ko maƙeri ya iya sana'a ba tare da kallon hannun maigidansa ba? Da an hana kwaikwayo, da sana'a ta mutu da mai ita.

Maganar nan ta shafe mu, 'yan'uwa ɗalibai. Mai jabu yana sa sunan wani a kan aikinsa, ɗalibin da ya kwashe littafin wani kuwa yana sa sunansa a kan aikin wani. Duk kanwar ja ce. Mu kwaikwayi malamanmu iyakar iyawarmu, amma mu faɗi rijiyar da muka ɗebo ruwa. Idan aikin ya yi kyau, wata rana za a neme shi da sunanmu, yadda ake neman Greco a yau.