Allon da ke jikin rijiyar burtsatse

A wasu unguwannin Kano, Kaduna da Jos, mai zuwa ɗiban ruwa zai tarar da allo a jikin rijiyar burtsatse, ɗauke da tambarin taya mai haƙora, da sunan reshen ƙungiyar Rotary da ya haƙa ta, da shekarar da aka yi aikin. Yara ba ruwansu da allon. Manya ne suke tsayawa su yi tambaya: aikin da aka yi don Allah, me ya kawo tambari a kansa? Ashe wannan ba riya ba ce?

Tambayar ba ta banza ba ce, domin Rotary ba ta taɓa zama ƙungiyar ɓoye aikinta ba. Wani lauya, Paul Harris, ya kafa ta a Chicago ta Amurka a 1905, shi da abokansa uku, kuma ɗaya daga cikin ayyukanta na farko shi ne fafutukar gina makewayin jama'a a birnin. Reshenta na farko a Nijeriya a Kano aka buɗe shi a 1961, kuma daga nan Jonathan Majiyagbe ya fito, ɗan Afirka na farko da ya shugabanci ƙungiyar a duniya, daga 2003 zuwa 2004. Tsarinta sananne ne. Likitoci, lauyoyi da 'yan kasuwa suna haɗuwa mako-mako, galibi a otal, a kaɗa ƙararrawa, a ci abinci, a saurari baƙo mai jawabi, a ci tarar wanda ya makara, a bi bahasin kuɗi. Idan ranar aiki ta zo, ko rabon gidan sauro ne ko gyaran aji, sai a sa riguna iri ɗaya, a kira mai hoto.

A wurin mai hoton ne ake samun saɓani. Musulmi ya tashi da sanin cewa daga cikin waɗanda za su samu inuwar Al'arshi har da mai sadakar da ya ɓoye ta matuƙar ɓoyewa. Kirista ma ya ji irin wannan gargaɗi a Huɗubar kan Dutse. Amma aya ta 271 a Suratul Baƙara ba ta haramta bayyanawa ba. Ta yabe ta, sannan ta fifita ɓoyewa, kuma ta ambaci fifikon ne tare da bai wa matalauta. Malamai da dama sun tsaya a wannan gaɓa, suka ce ɓoyewa tana kare zuciyar mai bayarwa, tana kuma suturta mai karɓa.

To, rijiya ba ta jin kunya. Sayyidina Usman ɗan Affan ya sayi rijiyar Ruma a Madina ya yi waƙafinta kowa na gani, kuma har yau da sunansa ake ambatonta. Magudanar ruwan da Zubaida matar Haruna Rashid ta ja zuwa Makka ita ma sunanta take amsawa. Abin da aka yi da kuɗin karo-karo kuwa ya ma fi buƙatar a bayyana shi, domin amana ce. Allon yana gaya wa mai unguwa ƙofar da zai ƙwanƙwasa ranar da famfo ya lalace. Yana gaya wa mambobi cewa kuɗinsu bai shige aljihun ma'aji ba. Duk wanda ya taɓa zama a kwamitin ginin masallaci ya san yadda "mun yi don Allah, ba sai an rubuta ba" ke zama mafakar marasa gaskiya.

Labarin shan inna ya fi fito da abin fili. Rotary ta ɗaura ɗamarar yaƙi da cutar tun 1985, kafin ta haɗa kai da Hukumar Lafiya ta Duniya da UNICEF a 1988. A 2003 Kano ta dakatar da rigakafin bisa zargin cewa an gurɓata maganin, kuma ba a rasa dalilin tsoro ba, tunda mutane ba su manta gwajin maganin Pfizer a kan yara lokacin annobar sanƙarau ta 1996 ba. Cutar shan inna ta bazu zuwa ƙasashen da suka riga suka rabu da ita. Da aka dawo da rigakafin a 2004, abin da ya narkar da shakka a hankali shi ne ganin ido: gwamnoni, sarakuna da hakimai suna ɗiga wa yara maganin a bainar jama'a. Aikin sirri ba zai taɓa yin wannan ba. A watan Agusta na 2020 aka ayyana Afirka ta kuɓuta daga ƙwayar cutar ta daji.

Inda ƙungiyoyin hidima suke zamewa daban ne, kuma ba Rotary kaɗai ba. Gidauniyoyin 'yan siyasa sun fi kowa. Wurin zamewar shi ne ranar da za a jera zawarawa da marayu a rana, a ɗora wa kowa buhun shinkafa, a ce su ɗaga kai a ɗauki hoto don Facebook. A nan an sayi yabo da mutuncin wani, kuma Alƙur'ani ya yi gargaɗi a Suratul Baƙara cewa gori da cutarwa suna ɓata sadaka. Tsohuwar da jikokinta za su ga fuskarta a waya ba a tambaye ta ba ko ta yarda.

Niyya dai babu mai leƙa ta, har shugaban reshe bai san ta mambobinsa ba. Abin da mutanen unguwa za su iya aunawa shi ne abin da ke faruwa bayan an tashi daga bikin buɗewa, kuma a nan taron mako-mako, wanda wasu ke yi wa kallon cin abincin masu hali, yake da amfani. Shugabancin reshe shekara ɗaya ne, yana canjawa kowace 1 ga Yuli, sabon shugaba kuma yakan fi son aikin da zai ɗauki sunan shekararsa. Reshen da ya sa gyaran famfon bara cikin ajandarsa, ya tura mutum ya duba, ya biya mai gyara, ya yi hakan ne a ranar da babu mai hoto, kuma shekarar wani shugaban ce a jikin allon.