Fenti ko Birki?

Shin wa ke da haƙƙi a kanmu idan muka tayar da tsohuwar mota? Tambayar nan ta taso mana ne sa'ad da muka ɗauko gyaran wata Land Rover ƙirar 1978, wadda ta shekara goma kaji na ƙwai a cikinta.

Irin wannan mota akwai ta da yaudara. Bodinta na alminiyom ne, ba ya tsatsa, alhali ƙarfen ƙasa da ke ɗauke da ita yana can yana ruɓewa a ɓoye. Da ɗan abin da malamin makaranta ke iya tarawa, dole mu zaɓa: ko fenti, wanda kowa zai gani ya yaba, ko walda da bututun birki daga kasuwar Ƙofar Ruwa, waɗanda ba mai tambayarsu.

Wani zai ce ai dukiyarmu ce. Haka ne, muddin tana ajiye a gida. Amma ranar da ta hau titi, gyatumar da za mu rage wa hanya ba za ta leƙa ƙarƙashinta ba. Yarinyar da ke tsallakawa da talla a ka kuwa, ko shawara ba mu yi da ita ba.

Birkin muka saya. Har yau ɗalibanmu na yi wa launinta dariya.